Yadda ake yawon ƙauyukan Imlil don jiki ya saba da bisa kafin hawan Toubkal

Ƴan'uwa na Yamai da Tawa masu zuwa Maroko, ko karatu ya kai ku ko kasuwanci ko hutu, na san da yawanku kun ga hotunan samari a Facebook tsaye bisa kan dutsin Toubkal riƙe da tutar Nijar, kuma duk wanda ya taka Marakesh sai an miƙo mishi takarda a hanya, kwana biyu kacal ka hau ka sauko. Toubkal mita 4,167 ne, babu dutsin da ya kai shi tsawo a duk arewacin Afirka. Yamai kuwa da ƙyar ta wuce mita 200 bisa teku, Tawa ba ta kai 400 ba, kai dutsi mafi tsawo a ƙasarmu gaba ɗaya, Idoukal-n-Taghès can a Bagzan cikin Ayar, mita 2,022 ne, wato Toubkal ya ninka shi biyu da ɗoriya. Tsarin kwana biyun nan yana nufin ka tashi Marakesh da safe, wajen mita 460, da dare ka kwanta a masaukin masu hawa a mita 3,207. Wasu suna yi su dawo lafiya, ban ce ƙarya ba ne, amma ga mutumin da aka haifa bakin kogin Isa ya girma nan, wannan caca ce da jiki, alhali ga hanya mai sauƙi kuma mai daɗi, ka yi ƴan kwanaki kana zagaya Imlil da sauran ƙauyukan gindin dutsin a ƙafa, sannu sannu, kana hawa da rana kana saukowa ka kwana, har jikin ya gane inda yake.

Bari in fara bayyana abin da ke faruwa a ciki, don in ka gane shi sauran duk za su zo maka da sauƙi. Oksijin da ke cikin iska kashi 21 cikin 100 ne ko a Harobanda ko bisa Toubkal, wannan ba ya canzawa. Abin da ke raguwa nauyin iskar ne, tana yin shara-shara, a mita 3,000 duk numfashin da ka ja wajen kashi 70 cikin 100 kawai na abin da ka saba samu yake kawo maka, a mita 4,000 ya sauko kusa da 60. Jiki zai fara jan numfashi da sauri don ya cike giɓin, to amma saurin numfashin yana fitar da iskar kabon fiye da ƙima, sai ma'aunin jini ya karkace, sai ƙwaƙwalwa ta taka ma numfashin birki. Ƙoda ce ke zuwa ta gyara, tana zubar da wani gishiri da ake ce ma bikarbonat ta fitsari, birkin ya saki, numfashi ya samu ya ƙaru yadda ake so. Kuma ƙoda ba ta aikin nan cikin awa biyu, kwanaki take ɗauka. Kamar farkon azumi ne, ranar farko da ta biyu kai na sara jiki ya mutu, bayan nan sai ka ji ka daidaita, kuma ba wanda ƙarfinshi ya taɓa sa ya tsallake kwanakin farkon. Don haka kar wanda ya ce maka ai kai ɗan ƙwallo ne ko soja ne ko kana kokowa, ciwon dutsi, wato rashin lafiyar da ƙarancin iskar bisa ke kawowa, ba ruwanshi da ƙwanji, sau da yawa ma masu ƙarfin ya fi kamawa don su ne ke ruga gaba. Abin da ya fi komi muhimmanci tsayin wurin da ka kwana, ba tsayin da ka taɓa da rana ba.

Mataki na farko tun a gida ake yin shi, kuma nan zan daɗe don shi ne abin da takardun Turawa ba su cika damuwa da shi ba mu kuwa ya shafe mu kai tsaye. Ka san irin jininka. Emasi, wanda wasu ke ce ma sikila, ya yi yawa a ƙasarmu, mai SS ko SC ya san kanshi mafi yawan lokaci, shi kam maganar hawa can bisa babu ita sai abin da lokotoronshi ya ce, don ƙarancin oksijin shi ne ainihin abin da ke lanƙwasa ƙwayoyin jinin su toshe jijiya. Wanda na fi jin tsoro ma shi ne mai AS, wato wanda ya gaji emasi daga ɗaya kawai cikin iyayenshi, don yana iya kai shekara talatin lafiya lau bai taɓa sanin yana ɗauke da shi ba, a Yamai ba abin da zai ji, amma bisa dutsi, musamman daga mita 2,500 zuwa sama in an haɗa da gajiya da ƙishirwa da sanyi, jini na iya toshewa a saifa, ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari wani lokaci har kafaɗar hagu. Ba kowane mai AS yake samu ba, da yawa sun hau sun sauko ƙalau, amma dole ka sani kafin ka tafi kuma gid ɗinka, wato mai yi maka jagora, ya sani. Analiz ɗin sunanshi elektroforez, ana yi a cibiyar ƙasa ta masu emasi da ke Yamai da manyan asibitoci da laboratuwar masu zaman kansu, jini kaɗan ake ɗiba. Dan Allah kar ka sayi biye kafin ka ga sakamakon.

Tunda ka je wajen lokotoro, ka sa ya duba tansiyo, ka gaya mishi in kana da asma ko ciwon zuciya ko ciwon suga, mai juna biyu ita ma ta yi shawara tukuna. Ka yi gwajin palu ko da kana jin garau, ka tafi da maganin da ya rubuta maka, don alamun palu da na ciwon dutsi suna kama da juna, ciwon kai da amai da kasala, kuma a can ba za a yi saurin tunanin palu ba tunda ba ciwon ƙasarsu ba ne. Ka riƙe wannan, ciwon dutsi mai sauƙi ba ya zuwa da zazzaɓi mai kaɗa jiki, in jiki ya yi zafi kana rawar ɗari to sauka za ka yi a duba jini, ka faɗa ma duk ma'aikacin lafiyar da ka samu daga ina ka fito. Akwai kuma magani mai suna asetazolamid, an fi sanin shi da Diamox, aikinshi ya tura ƙoda ta yi saurin zubar da gishirin nan, yawanci miligiram 125 safe da yamma ake farawa kwana guda kafin hawa, yana sa yawan fitsari da jin tsira-tsira a yatsu. Da ordonans ake saye, ba wajen mai tallar magani bisa kai a Katako ba, kuma wanda ya bi tsarin da zan kawo a hankali sau da yawa ba ya ma buƙatar shi.

Shirin ƙafa ba wani dogon zance ba ne. Wata guda ko biyu kafin tafiya ka rinƙa tafiyar awa ɗaya zuwa biyu da sak a baya, da sassafe kafin rana ta buɗe, ƴan Yamai ga tsaunukan Trois Sœurs a hayin kogi ko matakalar duk wani bene da ka samu, ƴan Adar kuwa Allah ya hore muku duwatsun Keita da Buza. Wannan ba zai saba ma jininka da bisa ba, gwiwa da cinya kawai yake gyarawa. Takalmin da za ka hau da shi shi za ka yi atisayen da shi, mai tauri a ƙasa mai kama idon sawu, sabon takalmi ranar hawa bororo ne kawai.

Kaya. Duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi, ka lissafa da kanka, kuma ka san mu da digiri 15 na watan Janairu yake sa mu kwana da garwashi a ɗaki. Riguna sirara uku da za ka iya cirewa ka mayar sun fi ƙatuwar riga guda, sai jaket mai tare iska da ruwa, hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa masu kauri aƙalla uku. Ka tafi da rawaninka, wallahi babu abin da ya kai shi amfani, yana tare rana da ƙura da iskar asuba. Tabarau mai duhu da man kare fata daga rana, kar ka ce ai ni baƙi ne, ranar bisa tana ƙona leɓe da hanci, man kaɗanya ma yana taimakon leɓe. Tocila ta goshi, gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi ko biyu, ƙwayoyin Aquatabs na tsabtace ruwa, parasetamol, filasta, dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa. Abin kwanciya mai ɗumi da sandunan dogarawa ana ba da hayarsu a Imlil, ba sai ka saya ba. Kuɗi kuma, sefa ba ta canzuwa da sauƙi a can, ka riƙe yuro, dirhami ɗaya yana wajen dala 12 namu, kuma ka ciri isasshen kuɗin hannu tun daga Marakesh don a ƙauyuka ba a san kat ba.

Lokacin da ya dace da mu daga Mayu zuwa Oktoba ne, ni na fi son Satumba da farkon Oktoba, sama garau, ana ɗibar tuffa a lambuna. Daga Disamba har wajen Afrilu ƙanƙara ta rufe bisa, sai da ƙarafa a takalmi da gatarin ƙanƙara da wanda ya iya, wannan wani aiki ne daban. Yuli da Agusta kuma hadari kan taso da yamma kwatsam, ambaliyar Agustan 1995 ta kashe mutane da dama a kwarurukan yankin, don haka in sama ta haɗe kar ka tsaya cikin kwari.

Yanzu tafiyar. Jirgi daga Yamai Kazablanka yake sauka, daga nan jirgin ƙasa wajen awa 3 zuwa Marakesh. Ka kwana nan ka huta gajiyar hanya. Washegari ka nemi babbar taksi ta haɗin gwiwa mai zuwa Imlil, kilomita sittin da wani abu ne, awa ɗaya da rabi ta Tahannaout da Asni, wani lokaci sai ka canza mota a Asni, in ranar Asabar ce ma kasuwarsu ke ci. Sunayen ƙauyukan na bar su yadda suke a taswira don ka iya neman su a salula. Imlil yana wajen mita 1,740. Nan za ka ɗauki gid, akwai ofishin masu jagora a tsakiyar garin, ka nemi ya nuna maka katinshi na hukuma. Tun bayan kisan da aka yi ma wasu ƴan mata biyu ƴan yawon buɗe ido, ɗaya ƴar Denmak ɗaya ƴar Norwe, a Disamban 2018, ba a barin kowa ya hau hanyar Toubkal ba gid, kuma jandarmomi na duba fasfo a hanya, to ya kasance a jikinka. Ku gama ciniki kafin ku ɗaga ƙafa, kuɗinshi na yini, kuɗin alfadari da mai jan shi, abinci da makwanci na cikin kuɗin ko a'a. Kuma ka gaya mishi ƙarara daga ƙasar da ba dutsi ka fito, ba sauri kake ba, in kana da AS ka faɗa. Mutanen wurin Imaziɣen ne ƴan'uwan Buzayenmu ta harshe, Tashelhit suke yi, amma gid zai ji Faransanci da Larabci, wanda ke jin Tamajak ma zai tsinci kalmomi nan da can.

Yinin farko a Imlil kar ka yi komi mai nauyi. Ka ajiye kaya, ka ci tajin, ka sha shayin na'ana'a, bayan la'asar ku taka zuwa Aroumd, wasu na rubuta Armed, ƙauye ne da aka gina bisa tarin duwatsu a wajen mita 1,900, tafiyar ƙasa da awa guda ta cikin inuwar manyan itatuwan noix, masu ƴaƴa da ɓawo mai tauri, da ƴan magudanan ruwa da suke ba gonaki. Daga nan in sama ta washe za ka hango kan Toubkal. Ka zauna kaɗan ka dawo Imlil ka kwana. Amfanin wannan ɗan yawon shi ne ka koyi takun, don mu mun saba da tafiyar fili, dogon taku da sauri. A nan taku gajere ne, kuma ma'aunin mai sauƙi, in ba ka iya yin hira da gid ba tare da yankewar numfashi ba to ka yi sauri da yawa, rage. Za ka ga tsofaffin mata da damin ciyawa a baya suna wuce ka, ka gaishe su ka ba su hanya, a nan aka haife su.

Yini na biyu ku nufi gabas, ta ƙauyen Tamatert ku hau zuwa mashigar Tizi n'Tamatert, wajen mita 2,280, hawan mita 500 da ɗoriya kenan, awa biyu zuwa uku a takunmu. Ku tashi bayan sallar asuba da karin kumallo, kafin rana ta yi ƙarfi. A mashigar akan samu mai shayi da ruwan lemu, ka zauna rabin awa, ka ci dabino, ka saurari jikinka. Daga nan hanya ta miƙe kusan a kwance tana bin gefen dutsi, kwarin Imenane na ƙasanka da gonakin da aka yanka hawa-hawa, har Tacheddirt a wajen mita 2,300, ɗaya daga cikin ƙauyuka mafiya tsayi a yankin. Nan za ka kwana a gidan baƙi, kuma wannan daren shi ne zuciyar tafiyar duka, don shi ne karo na farko da jikinka zai yi barci a tsayin da ya wuce ko'ina a Nijar. Barcin ba zai yi nauyi ba, za ka farka sau da yawa, za ka fita fitsari fiye da yadda ka saba, wannan alama ce mai kyau, ƙoda ta kama aiki. Wani ma zai ji numfashinshi ya ɗan tsaya cikin barci ya farka a firgice yana jan iska, wannan ma sananne ne a bisa, in da rana lafiya kake ba abin tsoro ba ne. Abin da ba za ka yi ba shi ne shan ƙwayar barci ko tramol ko giya, duk suna danne numfashi a daidai lokacin da jiki ke neman ƙara shi. Mai shan shayi ko kafe ko cin goro kullum kuwa ya ci gaba da abinshi daidai yadda ya saba, in ka yanke rana ɗaya ciwon kan da zai zo zai rikita ka ka kasa gane na dutsi ne ko na shayi.

In kana da lokaci ka ƙara kwana a Tacheddirt, ni shi nake ba kowa shawara. Da safe ku hau gangaren bayan gari mita 300 ko 400, ku zauna can ku ci abinci ku sauko. Dare biyu a 2,300 ya fi maka duk wani magani.

Yini na gaba ku koma Imlil, ko ta hanyar da kunka zo ko ku gangara cikin kwarin ta Ouaneskra da Ikkiss ku tsallako, gid zai zaɓa gwargwadon ƙarfinka. Washegari sai yamma, ta ƙauyen Mzik zuwa Tizi n'Mzik, wajen mita 2,480, wannan ya fi na farko tsauri, hawan mita 700 da ɗoriya, amma za ka yi mamakin yadda ƙirjin ya buɗe in ka gwada da ranar farko. Daga bisa ku gangara kwarin Azzaden mai jar ƙasa da itatuwan da iska ta murɗe, ku kwana ko a ƙauyen Tizi Oussem wajen mita 1,850 ko, wanda ya fi ma mai niyyar Toubkal, a Azib Tamsoult wajen 2,250, mazaunin makiyaya ne kuma akwai ruwa mai zubowa daga dutsi kusa da shi. Daga Tamsoult akwai hanyar da ke tsallake Aguelzim, sama da mita 3,500, ta faɗa masaukin Toubkal kai tsaye, gid zai iya kwaɗaita maka ita don tana da kyan gani, amma doguwa ce mai lanƙwasa ba iyaka, ga sabon shiga na fi son ka dawo ta Imlil ko Aroumd ka bi babbar hanya.

Wanda ya tsaya nan ya ce ya isa, wallahi bai yi asara ba, ya ga ƙauyuka, ya ci burodin da aka gasa a tanderun ƙasa da man zaitun da zuma, ya yi salla a masallatansu, Malikawa ne kamar mu ba abin da zai zame maka baƙo. Kana matafiyi, ƙasaru ta halatta maka, ruwan alwala kuwa kamar ƙanƙara yake da asuba, ka roƙi mai gida ya ɗuma maka, ba sa ƙi. Ban ba kowa shawarar yin tafiyar nan da azumi a baki ba, ƙishirwa da bisa ba sa haɗuwa, balle ga mai AS. Kar ka ɗauki hoton mace ko na yara ba izini. In ka ji an ce balak a bayanka alfadari ne tafe da kaya, ka matsa ɓangaren dutsi ba ɓangaren rami ba, kuma kar ka yarda a jibga ma dabbar kaya ka kuma hau bisa. Yankin nan na Al Haouz shi ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumban 2023 ta afka ma, mutane kusan 3,000 sunka rasu, da yawa daga waɗanda za su dafa maka abinci sun rasa wani nasu ko gidansu, to ka kwana gidajen baƙinsu, ka sayi abin hannunsu, kar ka tsananta ciniki bisa dirhami biyar.

Wanda zai ci gaba, daga Aroumd hanya ta bi kwari ta hau zuwa Sidi Chamharouch a wajen mita 2,300, inda akwai ƙaton dutsin da aka shafa ma farin fenti da ƴan shaguna, daga nan hawa ne zalla har masauki a 3,207, awa biyar zuwa shida duka, kai ka ba shi bakwai. Ƙa'idar da likitocin dutsi ke bayarwa ita ce in an wuce mita 3,000 kar wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. A hanyar nan babu ƙauyen kwana tsakanin 2,300 da 3,200, tsallen dole ne, abin da yawon ƙauyuka ya yi maka shi ne ya rage shi, maimakon jikin da ya fito daga Marakesh jiya ka zo da jikin da ya riga ya san 2,300. Abin da zai cike sauran shi ne ka yi dare biyu a masaukin. Kowa zai tashi ƙarfe huɗu na asuba ya nufi bisa, kai ka bar su su tafi, ka karya a natse, ka hau mita 200 ko 300 ka dawo ka kwanta, ka ci abinci mai gari da shinkafa da taliya ko da ba ka jin yunwa don bisa tana kashe sha'awar abinci, ka sha ruwa har fitsarinka ya yi fari-fari, ba sai ka ɗura ma kanka lita shida ba. Sai asuba ta biyu ka hau, saura mita 960, awa uku zuwa biyar cikin tsakuwa mai zamewa.

Kullum da safe da kuma kafin barci ka tambayi kanka da abokin tafiyarka, kuma ku yi alkawari tun daga Imlil ba ɓoye-ɓoye, don na san halinmu, namiji ba ya son a ce shi ya kasa. Ciwon dutsi yakan bayyana awa 6 zuwa 12 bayan isa sabon tsayi, ciwon kai tare da tashin zuciya ko jiri ko kasala ko ƙin abinci. In haka ne kawai, ka sha parasetamol da ruwa ka huta, kuma ba za ka ƙara hawa ko mita ɗaya ba sai ya wuce sarai. In bayan yini guda bai sauka ba ko yana ƙaruwa, ka gangara, mita 500 zuwa 1,000 yawanci sun isa ka ji kamar an sauke maka kaya. Amma akwai alamun da ba a jiran gari ya waye. Mutum ya fara tangaɗi, ka ja layi a ƙasa ka ce ya bi yana ɗora diddige gaban yatsu ya kasa, ko yana magana ba kan gado, ko barci na fizgar shi ba ya tasuwa, wannan kumburin ƙwaƙwalwa ne. Ko yana zaune ba abin da yake yi amma numfashi na gagarar shi, tari, ƙirji na kurkur, majina mai kumfa ko mai ja-ja, ruwa ne ya taru a huhu, a fatarmu ba za ka ga shuɗin da littattafai ke faɗi a fuska ba, ka duba cikin leɓe da harshe da farce. Ko ciwon gefen hagu ga mai AS. Duk ɗayan ukun nan, a sauko da shi nan take ko tsakar dare ne, bisa alfadari in ya samu, kar a bar shi ya tafi shi kaɗai, kuma kar a saurare shi in ya ce ba komi. Lambar jandarmomin Maroko 177 ce, ta motar asibiti da ƴan kwana-kwana 15, amma rezo na ɗaukewa a wurare da yawa cikin kwari, don haka ku fara sauka kuna neman shi a hanya.

A bisa kan dutsin kar ka daɗe, minti ashirin ya isa hoto da addu'a, iska na da ƙarfi kuma rabin aikin na gabanka. Saukowa ita ta fi cin gwiwa kuma nan aka fi faɗuwa, ka yanke farcen ƙafa tun kafin tafiya, ka ɗaure takalmi tamau don yatsu kar su rinƙa dukan gaba, ka tsawaita sandunan. In ƙafa ta mutu ka sake kwana masauki ko Aroumd maimakon jan jiki har Imlil cikin duhu.

Lissafin duka daga Marakesh zuwa Marakesh kwana takwas ne zuwa tara ga mai zuwa har bisa, biyar ko shida ga mai yawon ƙauyuka kawai, ka ƙara kwana guda na ko-ta-kwana don iska ko hadari na iya hana hawa, kar ka sa jirgin komawa Yamai washegarin saukowa. Sabon da jiki ya yi kuma ba ya daɗewa, in ka sauka ƙasa cikin mako guda zuwa biyu yake gushewa, to ɗalibin da ya yi yawon ƙauyuka a wannan hutun ya koma Rabat ko Fas, in ya dawo hutu na gaba da niyyar Toubkal daga Imlil da Tacheddirt zai sake farawa.